Nazarin Dokar Kare Haƙƙin Mai Saye a Jami'a: Tsakanin Fiƙihun Ciniki da Kasuwannin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin fannin kare haƙƙin mai saye a matsayinsa na darasin jami'a, tare da duba abin da ɗalibin ilimin addini zai samu a cikinsa da kuma abin da zai ƙara masa. An ɗauki kasuwannin arewa maso yammacin Jihar Jigawa a matsayin ma'auni. Maƙalar ta nuna cewa dokar Nijeriya ta 2018 da fiƙihun Malikiyya sun haɗu a kan manufa, amma kowannensu yana da wurin da hannunsa bai kai ba a aikace. Don haka karatun ba ya cika sai an haɗa su biyun, sannan an kai su gaban mai awo da dillali da ɗan kemis.

1. Gabatarwa

Kazaure, Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Yanki ne na noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, da kiwon dabbobi. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, Babura kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ciniki a nan yawanci na baki da baki ne. Ba a rubuta yarjejeniya, ba kasafai ake ba da rasit ba, kuma abin da ke riƙe da ma'amala shi ne sanayya da shaidar dillali da tsoron Allah.

A wannan yanki ne kuma ake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Matasan yankin suna kuma tafiya Kano da Zariya da Dutse domin karatun shari'a da ilimin addini. Tambayar da ta dace a yi ita ce: idan ɗayansu ya karanci dokar kare haƙƙin mai saye, me zai iya yi wa manomin Gwiwa da aka sayar wa takin zamani gauraye da yashi, ko matar Roni da ta sayi maganin da wa'adinsa ya wuce? Amsar ta dogara ne a kan yadda aka tsara karatun.

2. Abin da fannin ya ƙunsa

Fannin ya ginu a kan lura guda ɗaya: mai saye da mai sayarwa ba su yi daidai a sani da ƙarfi ba. Wanda ya haɗa magani ya san abin da ya zuba, wanda zai sha bai sani ba. A ranar 15 ga Maris, 1962, shugaban Amurka John Kennedy ya gabatar wa majalisar ƙasarsa haƙƙoƙi huɗu na mai saye: aminci daga cutarwa, samun bayani, zaɓi, da a saurari kokensa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojinta a kan batun a 1985, ta sake bitarsu a 1999 da 2015.

A Nijeriya, an kafa hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta SON a 1971, an yi dokar awo da sikeli a 1974, an kafa majalisar kare masu saye da dokar soja mai lamba 66 ta 1992, sannan NAFDAC, mai kula da abinci da magunguna, a 1993. Babbar dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Mai Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC da kotun musamman ta sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Tanade-tanade uku na wannan doka sun cancanci kulawar ɗalibi. Sashe na 114 ya ba mai saye haƙƙin samun bayani a cikin harshe mai sauƙin fahimta. Sashe na 132 ya ba shi damar mayar da kayan da suka gaza ingancin da ake tsammani cikin wata uku da karɓarsu. Sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan ɗan kasuwa ko kamfani idan aka yi zargin kaya suna da aibi. Ban da doka, fannin yana da ɓangaren manufofi, wato nazarin wace hukuma ce ke da wane iko, da kuɗin da ake ware mata, da ko tana isa ƙauye ko a babban birni take tsayawa.

3. Gadon da ɗalibin fiƙihu ya shigo da shi

Ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ko a Muhtasar na Halilu, ba baƙo ba ne a wannan fage. Suratul Muɗaffifina ta buɗe da narko a kan masu tauye awo, kuma da'awar Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta haɗa tauhidi da cika mudu da sikeli. A Sahihu Muslim an ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi da rashin fito da jiƙaƙƙen sama domin mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Abin lura ga mai nazarin manufofi shi ne cewa wannan bincike ne da shugaba ya yi da hannunsa ba tare da wani ya kawo ƙara ba. Nan ne tushen hisba.

A kan wannan tushe malamai suka gina hukunce-hukunce masu yawa. Akwai zaɓin aibi, wanda ya ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa ko bai gani ba. Akwai zaɓin sharaɗi, wanda Malikiyya suka auna tsawonsa da nau'in kaya: kimanin wata ga gida, kimanin kwana uku ga dabba. Akwai hanin najashu, wato ƙara farashi da bakin wanda ba saye zai yi ba domin a ruɗi wani, da hanin tarar ayari kafin ya iso kasuwa ya san farashi. Aibin da mai saye ya gani ya yarda da shi kuwa ba ya ba shi zaɓi, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mas'aloli biyu na mazhabar sun fi kusa da dokar zamani. Ta farko ita ce sharaɗin kuɓuta daga aibi. Malikiyya sun ƙuntata shi ƙwarai, kuma ba ya amfanar mai sayarwa a kan aibin da ya sani ya yi shiru. Saboda haka rubutun da ake liƙawa a wasu shaguna cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba shi da ƙarfi a gaban ɓoyayyen aibi, a fiƙihu da kuma dokar 2018. Ta biyu ita ce sayarwa a kan barnamaj, wato takardar da ke bayyana abin da ke cikin ƙunshin da ba a kwance ba. Imam Malik ya halatta ta a Muwaɗɗa, da sharaɗin kayan su dace da siffar da aka rubuta. Wannan shi ne asalin hukuncin duk abin da ake saye a rufe a yau, daga buhun taki zuwa kayan da aka gani a waya aka aika da kuɗi.

Wannan ilimi bai tsaya a littafi ba. Yahya bin Umar, wanda ya rasu a 289 bayan Hijira, ya bar Ahkamus Suƙ, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan hukunce-hukuncen kasuwa, kuma Bamalike ne. A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki tauye mudu da ha'inci a cikin munanan al'adun zamaninsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen sana'o'in neman halal. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkudi. Idan aka kai ƙunshin Barno ko wani gari mai nisa aka buɗe aka tarar bai kai inganci ba, sai a mayar da shi Kano, dillalin ya nemo mai kayan, a tilasta masa mayar da kuɗi. Ke nan shekara ɗari biyu da suka wuce, kasuwar Kano tana da hanyar bin sawun kaya da garanti mai ƙetare iyakar ƙasa.

4. Inda kowanne yake buƙatar ɗan'uwansa

Babin ciniki a littattafan fiƙihu ya fi siffanta mutum biyu da suka ƙulla ciniki. Kayan zamani kuwa suna bin hannuwa da yawa: kamfani, mai shigowa da su, babban dila a Kano, ɗan kasuwar Kazaure, sannan mai tebur a ƙauye. Wanda ya cutu sau da yawa ba shi ne ma ya saya ba. A shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wata mata a Sikotilan ta yi ƙarar cewa ta sha lemon da wani ya saya mata, aka tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar. Babbar kotun Birtaniya ta yanke cewa wanda ya yi abin sha yana da alhakin kula a kan wanda zai sha, ko da babu ciniki a tsakaninsu. Ɗalibin fiƙihu ba zai sami amsar wannan a babin ciniki ba. Sai ya koma babin lamuni, inda aka bambanta ɓarna ta kai tsaye da ɓarna ta hanyar sababi, da kuma mas'alar lamuntar da masu sana'a, inda Malikiyya suka ɗora wa maɗinki da marini alhakin kayan mutane da ke hannunsu saboda maslaha, sai in sun kawo shaidar da ta wanke su. Kamanci tsakanin wannan da sashe na 145 a bayyane yake, kuma fage ne na bincike mai faɗi.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani. Muhtasibin da can yana iya gane madarar da aka tsarma da ruwa, amma ba zai gane guba a ruwan magani ba. A 2008, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda sinadari mai guba ya gurɓata, ya yi sanadin mutuwar yara sama da 80 a Nijeriya. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓatattun sinadaran ɗan tsami. Irin wannan sai ɗakin gwaji da lambar rajista da ikon janye kaya daga kasuwa, waɗanda duk kayan aikin hukumomin zamani ne. Komawa ga masana abin da fiƙihu ya riga ya yarda da shi ne wajen tabbatar da aibi, sai dai masanin yau mai ilimin sinadarai ne.

A ɗaya ɓangaren, dokar 2018 tana ɗauka cewa mai saye yana da rasit, yana karanta Turanci, kuma zai iya rubuta koke ya aika ta intanet ko ya je ofis a birni. Manomin da ya yi asarar buhu biyu na taki ba zai kashe abin da ya fi kuɗin takin a mota da lauya ba. Wanda zai je wurinsa shi ne sarkin kasuwa, ko mai unguwa, ko limami, ko kotun shari'ar Musulunci ta garinsu. A nan fiƙihu yake da abin da doka ba ta da shi: harshen da mutane suke ji, da hukumar da suke kunya, da imanin cewa kuɗin algus haramun ne ko ba wanda ya gani. Ɗalibi yana kuma buƙatar sanin iyakar wannan hanya, domin sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan al'amuran da suka shafi aure da gado da wasiyya da waƙafi da makamantansu, kuma rikicin ciniki ba ya cikin jerin.

5. Mas'alolin yankin

Ta farko ita ce awo. Hatsi a kasuwannin ƙauye da tiya da mudu ake auna shi, ba da sikeli ba, kuma girman kwanon yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Fiƙihu yana karɓar al'adar gari a awo muddin ɓangarorin biyu sun san ta. Abin da ya haramta shi ne a saya da babban kwano a sayar da ƙarami, ko a buga gindin kwano ya shige ciki. Dokar awo da sikeli ta fi sanin kilo da lita. Binciken da zai auna kwanukan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa ya fitar da nauyin kowanne a gero da wake da riɗi zai amfani mai saye, zai kuma amfani mai fitar da zakka, tunda nisabin hatsi wasaƙi biyar ne, wato sa'i 300, kuma dole a san yadda zai koma tiyar gari.

Ta biyu ita ce kara. Hadisin musarratu, wato dabbar da aka bar nono ya taru a hantsarta domin a zaci mai yawan nono ce, ya ba mai saye damar mayar da ita tare da sa'i guda na dabino, Malikiyya kuma suka ce sa'in na abincin da ya fi yawa a garin ne, wanda a nan gero ne ko dawa. Ɗura wa dabba ruwa ko dusa da gishiri kafin a kai ta kasuwa domin ta cika ido yana ƙarƙashin illa ɗaya. Matsayin dillali ma abin nazari ne: wakilin wa ne, kuma me ke kansa idan ya karɓi la'ada alhali ya san aibin?

Ta uku ita ce kayan gona da magani. Jabun taki ko iri ba a gane shi sai damina ta yi nisa, lokacin da mayar da kuɗin buhu ba zai maye amfanin shekara ba. Wannan ya buɗe tambayar ko lamuni yana tsayawa a kan kuɗin kaya ko yana kaiwa ga asarar da ta biyo baya. A nan kuma manomi yakan koma mai sayarwa. Zuba maganin ƙwari mai guba a wake domin ajiya cutarwa ce ga wanda zai ci, kuma saboda yawan irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Mai wa'azin da ya san wannan zai iya faɗa wa manomi cewa ɓoye maganin da aka zuba ɓoye aibi ne.

Ta huɗu ita ce farashi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da rufe iyaka da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kayan abinci sun yi tsada, kuma garuruwan bakin iyaka irin Babura sun ji abin a jikinsu. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Fiƙihu yana da bayani mai zurfi a nan. Ya bambanta manomin da ya ajiye abin da ya noma da wanda ya saye abincin kasuwa ya ɓoye a lokacin ƙunci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi lokacin da aka roƙe shi a Madina, amma wasu malamai, ciki har da Ibn Taimiyya a littafinsa na hisba, sun halatta shi idan 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan abin da jama'a ba su da makawa daga gare shi. Ɗalibin da bai san tattalin arziki ba ba zai iya rarrabe tsadar da ƙarancin kaya ya jawo da wadda haɗin baki ya jawo ba, alhali hukuncin ya rataya a kan wannan rarrabewa.

6. Yadda ya kamata a tsara karatun

Ƙofa a buɗe take. Sabon tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da darussan da suka dace da muhallinta. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero sun daɗe suna haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa a digiri ɗaya, don haka haɗin ba sabon abu ba ne.

Darasin ya kamata ya fara da babin ciniki da zaɓi da lamuni da hisba daga littattafan mazhaba, a karanta su da Larabcinsu. Sai a bi da dokar 2018 sashe-sashe, tare da hurumin NAFDAC da SON da hukumomin jiha, a riƙa ajiye kowane sashe kusa da mas'alar fiƙihun da ta yi kama da shi, ana nuna inda suka dace da inda suka rabu. Kada a tilasta dacewa inda babu ita. Wata ukun doka ƙayyadadden wa'adi ne, zaɓin aibi kuwa yana faɗuwa ne da abin da ke nuna yarda, kamar ci gaba da amfani da kaya bayan ganin aibi.

Daga nan sai aikin fili. Kowane ɗalibi ya zauna makonni a kasuwa ɗaya, ya rubuta irin rigingimun da ake kai wa sarkin kasuwa da yadda ake warware su, ba tare da bayyana sunayen mutane ba. A ƙarshe ya fassara haƙƙoƙin mai saye zuwa Hausar da za a iya karantawa a huɗuba ko a rediyo, da boko da ajami. Haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙi ba zai tabbata a Gwiwa ba sai an sami wanda ya san dokar kuma ya san Hausar Gwiwa.

7. Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kare haƙƙin mai saye yana da tsohon tushe a fiƙihu da tarihin kasuwannin ƙasar Hausa, kuma dokar 2018 ta kawo kayan aikin da zamanin kamfanoni da sinadarai yake buƙata. Wanda ya karanci ɗaya ya bar ɗaya zai tsaya a rabin hanya: ko ya san hukuncin algus bai san inda ake gwada taki ba, ko ya san sashen doka bai san wanda manomi yake kai wa kuka ba. Daga cikin ɗaliban yau ne za a sami alƙalai da limamai da jami'an hisba da ma'aikatan hukumomi na gobe a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Tanadar musu wannan ilimi yana cikin farillan kifaya, domin tsare dukiya da tsare rai suna cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Allah ne Mafi sani.